Hoto Bai Fito Ba

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikacin gwamnati, a ofishin da ke tallafa wa marasa lafiyar da magani ya fi ƙarfin aljihunsu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. A wurin aiki ana ce masa Mai-hanya. Duk wanda ya zo masa da matsala, sai ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya ya ce akwai hanya. Sunan ya bi shi har masu shara da shi suke kiransa, shi kuma yana amsawa da murmushi.

Aikinsa shi ne tsara layin masu jiran wankin ƙoda. Injinan kaɗan ne, masu jira ba iyaka, kuma wanda ƙodarsa ta gaza ba ya iya dogon jira. A zamanin takarda fayiloli na jibge a teburinsa. Wanda ya gaishe shi da hannu, fayil ɗinsa ya hau sama. Wanda ya gaishe shi da baki kawai, nasa ya kwanta ƙasa yana shan ƙura.

Amma ko a lokacin akwai abin da ke taka masa birki. Mutane da ƙafarsu suke zuwa. Tsohuwa za ta zauna a benci daura da teburinsa, ƙafafu a kumbure, kallonsa kawai take yi. Ranar sai hannunsa ya yi nauyi, ya zaro fayil ɗinta ya sa hannu yana tsaki. Kunya a ido take, kuma a lokacin yana da sauranta.

Sai gwamnati ta kawo sabon tsari. Aka kwashe kabad-kabad ɗin fayil, aka fitar da bencin, aka ajiye wa kowa kwamfuta. Mara lafiya ba sai ya zo ba, daga wayarsa zai tura hotonsa da takardar likita, a ba shi lamba, ya shiga layi. A allon ma'aikaci babu suna, sai lambobi a jere, don kada a fifita ɗan wane a kan ɗan wane. Aka tara su a ɗakin taro aka karanta musu ƙa'idojin aiki. Ba a karɓar kyauta. Ba a ba wani kalmar sirri. Ba mai ikon ɗaga kowa a layi. Idan akwai abin da bai cika ba, ma'aikaci na iya mayar da buƙata, amma sai ya buɗe ta ya gani da idonsa tukuna. Mai-hanya ya sa hannu da kyakkyawan rubutu, har ya riga kowa tafi.

Ya yi kwanaki kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abokan aiki suna tsokanarsa, wai yau hanya ta toshe. To amma mai neman ɓarna ba ya gajiya da leƙe. Wata rana ya lura cewa duk buƙatar da aka mayar, idan ta dawo, daga ƙarshen layi take farawa. Ba zai iya ɗaga mutuminsa sama ba, gaskiya ne. Amma zai iya jefa waɗanda ke gabansa baya, ɗaya bayan ɗaya, har layi ya iso kan mutumin nasa.

A cikin dalilan da na'ura ta jera don mayar da buƙata, akwai wanda ya fi so: hoto bai fito ba. Wa zai yi gardama a kan hoto? Ranar farko ya bi ƙa'ida ya buɗe. Sai ga fuskar wani magidanci, idanu sun faɗa, yana ƙoƙarin yin murmushi. Hoton ya fito tar. Ya mayar da shi duk da haka, amma abincin rana ya ƙi shiga. Daga ranar ya daina buɗewa. Ya ga lamba, ya danna, ya wuce ta gaba.

Ya 'yan uwa, kun ga yadda Shaiɗan ke sauƙaƙa wa mutum aiki? Da can sai ya kauce wa idon tsohuwa kafin ya zalunce ta. Yanzu babu ido, babu tari a benci, babu kuka a bakin ƙofa. Ɗaki mai sanyi, kujera mai juyawa, da ɗan yatsa guda. Dillalan da ke kawo masa masu biyan kuɗi suka dawo, waya ba ta hutawa. Wani abokin aikinsa ya ja shi gefe ya ce masa na'urar tana ajiye duk abin da mutum ya taɓa, da sunansa a jiki. Ya yi dariya, ya ce to ta ajiye, wa ke da lokacin karantawa?

Yanzu ku saurari abin da shi bai sani ba.

Yana da yaya, mace, mai ɗinki. Ita ta riƙe shi tun yana ƙarami bayan iyayensu sun rasu. Da ƙarar kekenta yake barci, da ita yake tashi, kuma daga wannan keken kuɗin makarantarsa ya fito. Ranar da ya sami aiki ta yi kukan daɗi, ta ce masa abu ɗaya take roƙo, kada ya taɓa shigo mata gida da abin da ya danne wani ya samu. Da labarin Mai-hanya ya iso kunnenta, ta yi masa faɗa har ta gaji. Shi kuma ya rage zuwa, don ba ya son wa'azi.

Wannan baiwar Allah ƙodarta ta gaza. 'Yarta ta cike mata buƙata ta waya, aka ba su lamba. Sai Yaya ta riƙe hannun yarinyar ta ce kada ta kuskura ta gaya wa kawunta. Layi ya yi ta matsowa, suna murna, sai saƙo ya shigo: hoto bai fito ba. Suka ɗauka laifin wayarsu ne. 'Yar ta kai ta wurin mai hoto a bakin titi, aka zaunar da ita gaban farin ƙyalle, aka ɗauka da kyau. Suka koma ƙarshen layi. Da suka sake matsowa, saƙon nan ya sake shigowa.

Haka aka yi ta yi. Tun tana takawa zuwa shagon mai hoto da ƙafarta, har ya zama sai an riƙe ta, har ya zama mai hoton ne ke zuwa gida, a jingina ta da filo, 'yar ta tallafe mata kai ta baya. Yarinyar ta yi kuka, ta ce a bar ta ta kira Kawu, ai ofishinsa ne, magana ɗaya zai yi.

Yaya ta ce, "Idan ya ɗaga ni, wa zai danne?"

Ya je gaishe ta a cikin wannan ciwo, da leda cike da lemo. Ya ga ta kumbura, ya tambaya, ta ce ciwon ƙafa ne da gajiyar keke. Ya ce idan ana buƙatar wani abu a faɗa masa, akwai hanya. Ta dube shi ta ce ta sani, Allah ya shirye shi. Wayarsa ta yi ƙara, dillali ne, ya fita tsakar gida ya amsa, daga can ya yi sallama. Ganinsa da ita na ƙarshe ke nan.

Bayan an kai ta makwanci, yana zaune a tabarma ana ta'aziyya, ya ji 'yar tana ba wata maƙwabciya labari daga bakin ƙofa. Ba da shi take ba. Tana cewa layin wankin ƙoda suka yi ta bi, kullum suka kusa sai a ce hoto bai fito ba, har Inna ta riƙa tambaya ko fuskarta ce ta lalace da har na'ura ba ta gane ta. Mai-hanya ya ji tabarmar ta yi masa sanyi. Masu gaisuwa suna miƙo hannu, yana miƙawa, bai san da wa yake gaisawa ba.

Da ya koma ofis, kai tsaye ya nemi lambar Yaya da ya kwafo daga takardunta na asibiti, ya yi abin da ƙa'ida ta ce ya yi tun farko. Ya buɗe. Ga Yaya, da ɗankwalin da ta fi so, tana kallonsa. Ga ta kuma a hoto na gaba ta rame. Ga ta a na ƙarshe, ido a lumshe, ana ganin yatsun 'yarta a gefen wuyanta. Babu hoton da bai fito ba. A ƙarƙashin kowanne an rubuta wanda ya mayar da shi, kuma sunansa ne.

Ashe kuma akwai mai lokacin karantawa. Ba a jima ba masu bincike suka lura da ma'aikacin da ke cewa hotuna ba su fito ba alhali bai taɓa buɗe su ba. Aka zaunar da shi gaban kwamiti, aka haska komai a bango. Bai yi gardama ba, da me zai yi? Aka kore shi, aka miƙa maganarsa kotu. Dillalai suka daina ɗaga waya. Waɗanda ya ɗaga a layi suka ce ba su san shi ba. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, saboda a makaranta an fara nuna su da baki.

Aka sanar da iyalan waɗanda abin ya shafa, cikinsu har da 'yar Yaya. Ya je gidan, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga. Keken ɗinkin na nan a lulluɓe. Yarinyar ta fito, ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Kawu, da ka buɗe ko sau ɗaya."

Sannan ta koma ciki ta tura ƙofa.

Ya je wurin wani malami yana kuka, yana tambayar yadda zai tuba. Malam ya ce masa ƙofar Allah a buɗe take, amma haƙƙin mutane sai an nemi masu shi. Ya koma ofishin da aka kore shi, ya roƙa a ba shi sunayen waɗanda ya jefa baya, ya bi su gida-gida ya nemi gafara. Aka ce masa ƙa'ida ta hana, sirrin marasa lafiya ne. Ya tambaya ko a cikinsu akwai waɗanda suka rasu suna jira. Ma'aikacin da ya tarar ya kawar da kai, ya ci gaba da aikinsa.

Yana nan da rai har yau. Ya tsufa ba da shekaru ba. Yakan zauna a bakin titi yana kallon masu wucewa, duk wanda ya gani da alamar ciwo sai ya bi shi da ido, yana tunanin ko wannan yana cikinsu. Bai san sunansu ba, bai san fuskarsu ba, shi da kansa ya ƙi ya kalla. Su kuwa ranar gobe ƙiyama za su san shi.

Ya 'yan uwa, da yawanmu yanzu a gaban irin wannan allo muke neman abinci. Ba ku ga kowa ba, sai lamba. To ku sani bayan kowace lamba akwai mai numfashi, akwai wadda ta yi wa wani goyo, akwai wanda 'ya'ya ke jira ya warke. Ƙa'idar da ka sa wa hannu alkawari ce, kuma kujerar da kake kai amana ce. Wannan mutum ya yi kuka don wadda ya danne yayarsa ce. Magidancin nan mai murmushi fa, shi ba shi da 'yan uwa? Dole sai abin ya faɗo a gidanka kafin ka san zalunci ne?

Idan na'urar da ɗan Adam ya ƙera ba ta manta abin da yatsa ya taɓa ba, ina ga Wanda ya halicci yatsan? Ku buɗe ku duba kafin ku danna.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar da aka damƙa mana, ya kiyaye hannayenmu daga danne wanda ba mu gani. Allah kada ya nuna mana ranar da za mu nemi wanda za mu roƙa gafara mu rasa. Amin.