Takarar Bushiya a Makarantar Gindin Kuka

Ga wata nan tafe gare ku, ku gyara zama ku tare ta.

Ranar da Bushiya ta fara ganin Malam Zomo, sata ta je yi. Ta shiga lambun makarantar Gindin Kuka tana tonon gyaɗa, sai ta ji tafiya, ta dunƙule kamar yadda ta saba. Shi kuwa Malam Zomo iska ce ta dame shi, tana ta ɗage zanar da ya kafa don tare wa yara rana. Ya waiga ya ga wani dunƙule, ya sa ganye ya ɗauke shi, ya danne bakin zanar da shi, ya koma darasi. Haka Bushiya ta yini tana aikin dutse, tana jin muryarsa yana koya wa 'ya'yan dabbobi ƙirga, a hankali, ba tsawa. Da aka tashi, ya zo ya tsuguna kusa da ita ya ce, "Baiwar Allah, in kin gama, ga ƙuli-ƙuli. Shi ke nan abin da nake da shi."

Tun daga ranar, in ta tuna da shi sai ƙayoyin bayanta su kwanta luf. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

To, al'adar dajin ita ce, duk kaka kowane gida ya kai kason gyaɗa da dawa rumbun makaranta, a ciyar da malami, a dama wa yara kunu, a gyara rufi. Iyayen yara kuma su zaɓi shugaban kwamitin makaranta, rumbu yana hannunsa. Kura ce ke kan kujerar shekara da shekaru. Ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace. Malam Zomo ya rame har kunnuwansa suka yi masa nauyi, yara kuwa in aka tambaye su biyu da biyu sai su amsa da hamma.

Da lokacin zaɓe ya zo, Ɓauna ta ce za ta kara da Kura. Bushiya ta ji labari, cikinta yana ƙugi. Ta hau kan suri ta yi wa kanta kirari: "Ni ce Bushiya, ƙarama mai rigar ƙaya! Wanda ya raina ni ya tsotsi yatsa! Rumbun nan nawa ne. Rabi na cikina, rabi kuma..." Sai ta dubi wajen makaranta.

Matsala ɗaya: ba a takara sai mai ɗa a makaranta, ita kuwa ko ƙwai ba ta da shi. Ta je ta tsinko 'ya'yan zaƙami, ƙwallayen nan masu ƙaya, ta zuba a kwando ta kai aji.

"Malam, ga 'ya'yana na kawo."

Malam Zomo ya dubi kwando, ya dube ta. "Ba sa magana ne?"

"Kunya gare su, Malam, irin ta gidanmu. Da sun ga baƙo sai su dunƙule."

Ya jera su a gaban aji, gefen bakinsa yana motsi. "Ban taɓa samun ɗalibai masu natsuwa irin waɗannan ba," in ji shi.

Da gari ya waye, Bushiya ta shiga gonar auduga ta yi birgima. Auduga ta maƙale a ƙayoyinta tun daga kai har wutsiya, ta fito fara tas kamar mai sabuwar babbar riga. Ta nufi gidan Kura tana tafiyar ƙasaita, tana gyaran murya.

"Wace ce Kura a nan? Ni ce mai duba makarantu, daga birni."

Kura ta zube. "Ranki ya daɗe, sannu da hanya. Da an sanar da mu ai da mun yi shara."

"Na leƙa rumbunku, na ga ɓera yana kuka a ciki don ya rasa abin sata. A birni, shugaban da aka tarar da rumbunsa wayam, haƙoransa ake cirewa ɗaya bayan ɗaya."

Kura ta rufe baki da hannu biyu. "Ranki ya daɗe, ajiya na yi! Saboda gara!" Ta ja ta zuwa cikin kogo, sai ga buhuna jibge har rufi.

"Sai na ɗanɗana, in tabbatar na makaranta ne," in ji Bushiya. Ta ɗanɗana buhun farko. Ta ɗanɗana na biyu. Ta yi ta ɗanɗanawa har audugar cikinta ta fara tsagewa. Sannan ta ce, "Ki mayar da su da kanki, da rana tsaka, ta cikin kasuwa."

Haka kuwa aka yi. Duk dajin ya fito yana kallon Kura tana jigilar buhuna tana haki, 'yan birai na bin ta suna tambaya, "Inna Kura, daga ina?" Bushiya tana bayan kuka tana tsige auduga tana dariya. "Ni ce Bushiya! Na sa ɓarauniya ta cika mini rumbu!"

Da gari ya waye aka taru don jin abin da kowa zai yi wa makaranta. Kura ta ce abin da ake bukata shi ne a ƙara kason da iyaye ke kawowa, aka yi mata ihu. Ɓauna ta buga ƙafa ta ce, "Bulala! Yaron da bai iya ba a zane shi, wanda ya iya ma a taɓa shi kaɗan don kada ya manta." Danginta suka yi ta kaɗa ƙaho.

Bushiya ta hau turmi don a gan ta. "Iyayena, yaro da yunwa ba ya jin karatu, ƙarar cikinsa ta fi muryar malami. Kunu kowace safiya! Rufi kafin damina! Malami kuma a ciyar da shi, ku dube shi mana, iska na neman tafiya da shi!" Duk maganganun nan a bakin Malam Zomo ta tsince su, ta ƙara musu gishiri. Ɓeraye da kuregu suka yi ta tafi.

Amma tafin ɓera bai kai yawan dangin Ɓauna ba. A dajin nan kuwa layi ake yi: kowa ya tsaya bayan wanda yake so, Raƙumin Dawa ya bi yana ƙirga kawuna daga sama. Kowa ya san tsohon ba ya sunkuyawa, wuyansa na ciwo. Bushiya ta ce, "Dangi? Ai gina su ake yi." Ta so ta yi da yumɓu, amma rafi da nisa, ga ciki ya yi nauyi. Sai ta ga kashin giwa jibge a bakin hanya, ɗanye, ba sai an kwaɓa ba. Ta yi ta mulmulawa tana soka ƙayar aduwa, har ta tara dangi tuli.

Da gari ya waye, layin Bushiya ya miƙe tun daga gindin kuka har bakin kurmi. Raƙumin Dawa ya leƙo daga sama. "Ke 'yar nan, duk naki ne? Me ya sa suka dunƙule?"

"Baba, daga ƙauye suka zo. Ba su saba ganin dogo irinka ba."

Ya ji daɗi, ya fara ƙirga. Ɓauna ta fara gumi. Bushiya har ta fara jin ƙamshin gyaɗa.

Sai rana ta ɗaga, dangi suka fara wari. Warin ya ratsa daji, ya tarar da buzuzu, ƙwaron nan da yara ke kira gungura-kashi, shi da duk zuriyarsa. Suka zo rundunarsu guda, kowanne ya kama ƙwallo ɗaya, ya juya baya, ya fara turawa.

Raƙumin Dawa ya dakata. "Ke, mutanenki fa suna sauya layi."

"Fitsari za su je, Baba! Yanzu za su dawo!"

Ina! Dangi suka yi ta gangarawa, kai tsaye zuwa layin Kura, wanda ba kowa a cikinsa sai ƙudaje. Kura ta ga jama'a na tururuwa gare ta, ta buɗe hannu. "Ku taho, 'yan uwana! Na san ba za ku yashe ni ba!" Ta rungumi na gaba, ta manna shi a ƙirji, har da sumbata.

Ihun da ta yi sai da tsuntsaye suka watse daga kan kuka. Ƙaya a leɓe, kashi a hanci. Ta juyo, idonta ya faɗa kan wani guntun auduga da ya rage a bayan kunnen Bushiya.

"Mai dubawa daga birni, ko?"

Bushiya ta zura da gudu. Ɓauna ta tare ta, ta ɗaga ta da ƙaho ta cilla. Ta dunƙule a sama, ta faɗo, ta yi ta gangarawa tana karo da duwatsu har gindin wata sabara.

Malam Zomo ne ya fara iso ta, don shi ya fi kowa gudu. Ya tarar da ita rabin ƙayoyinta sun karye, ido ɗaya ya kumbura.

"Ɓauna ta ci," ya ce. "Amma iyaye sun ce ba za ta hau kujera ba sai ta yarda da kunun safe. Ta yarda. Rumbu kuma cike yake."

"Rumbuna! Ni na cika shi!"

"Ke kika cika shi." Ya sa hannu ya cire mata audugar a hankali. "Ki gudu, Kura na tafe."

Ta tashi tana ɗingishi, ta kama hanya. Kukan Kura na matsowa. Da ta kai kan tudu sai ta tsaya, ta juyo, ta cika ƙirji, ta ɗaga murya yadda duk dajin zai ji:

"Malam! Ka ci ka yi ƙiba! Baɗi war haka zan dawo in aure ka, kujerar nan ma sai na hau ta!"