Gyaɗar Ɗan Gata

Akwai wani mai gyaran agogo da ke da ɗan shago a bakin titi, bango ɗaya da shagon wani tela. Mai Agogo kowa yake ce masa. Mutum ne mai tsabta da natsuwa a kan aiki. Idan ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya ya ɗauki matsefata, sai ya zaro ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga cikin agogo, ya mayar da ita, hannunsa bai yi rawa ba. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda akwai abin da wani zai koya masa ba. Da ka fara ba shi shawara zai ɗaga maka hannu tun kafin ka kai aya.

Yana da aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda ya sa wa suna Ɗan Gata. Shekararsu shida tare. Kullum da safe zai ɗauko kejin daga gida ya rataye shi kusa da teburin aiki, da yamma su koma. Akun ya iya sallama, ya iya kwaikwayon ƙarar keken ɗinkin maƙwabci, ya kuma iya tari irin na ubangidansa, har masu kawo gyara su riƙa cewa “Sannu” suna waige-waige.

Abincin Ɗan Gata kuwa gyaɗa ce. Da safe gyaɗa, da rana gyaɗa, da yamma gyaɗa. A farkon zuwansa ana haɗa masa da gero da masara da ɗan yankin gwanda, amma sai ya tsince gyaɗar ya watsar da sauran a ƙasan keji. Da Mai Agogo ya ga haka sai ya yanke hukunci.

“Ga shi ya faɗi abin da yake so da bakinsa,” in ji shi. “Me ya sa zan tilasta masa?”

Matarsa malamar makaranta ce, don haka Malama yake kiranta. Ita ce ke share ƙasan kejin a ƙarshen mako, ita ce kuma ta fara lura da canji. Wata safiya tana wanke kwanon ruwan akun ta ce, “Maigida, ka dubi gashin tsuntsun nan kuwa? Ya dusashe. Jar wutsiyar ma ta koma kamar tsohon zane da ya sha rana.”

“Sauyin gashi yake yi.”

“Sauyin gashi wata huɗu? Ni dai a ajinmu, yaron da aka bari da alewa kaɗai ba ya...”

Ya ɗaga hannu. “Malama, ki bar wa ƴan ajinki darasi. Wannan tsuntsu a hannuna ya girma. Ciki ba ya ƙarya. Abin da ya karɓa shi ne lafiyarsa.”

Ta ci gaba da wankinta. Ta daɗe da sanin cewa gardama da mijinta kamar ɗiban ruwa da kwando ne.

Tela ma ya taɓa gwadawa. Shi da Mai Agogo abokan tsokana ne tun suna samari. Ya leƙo wata rana da tef rataye a wuya, ya ƙare wa akun kallo ya ce, “Kai Mai Agogo, wannan ɗan naka ya yi tumbi fa. In ya ƙara wata guda a haka sai na auna shi na ɗinka masa babbar riga.”

“Hassada ce,” Mai Agogo ya ce, yana miƙa wa akun wata gyaɗar ta tsakanin wayoyin keji. “Kai da ko kaza ba ka iya kiwo ba.”

Haka aka ci gaba. Ɗan Gata ya rage surutu. Ya daina lilo da ƙafa ɗaya a saman keji. Yakan yi zaune ya kumbura gashi, idanu a lumshe. Mai Agogo yana gani, amma duk abin da ya gani sai ya samo masa dalili. Yau zafi ne, gobe hayaniyar titi ce. So hana ganin laifi.

Wata ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar sa wa wani agogon hannu batir, sai ya ji tim! Ya ɗaga kai. Sandan da akun ke tsayawa a kai babu kowa. Ɗan Gata na ƙasan keji a kwance, fukafukai a baje, ƙafafunsa suna karkarwa, yatsun sun dunƙule.

Gilashin ya faɗo daga idon Mai Agogo. Ya ƙwala wa Tela kira da wata murya da bai san yana da ita ba. Tela ya shigo da gudu, ya ga abin da ke faruwa, bai yi tsokana ba. Ya warto wani ƙyalle mai laushi daga shagonsa, suka naɗe tsuntsun, ya tayar da babur suka nufi asibitin dabbobi. A hanya Mai Agogo yana jin bugun zuciyar akun a tafin hannunsa, da sauri-sauri, ya fi na kowane agogo da ya taɓa riƙewa.

Likitar dabbobin mace ce mai magana a hankali. Ta yi wa akun allura, ta sa shi a wani akwati mai ɗumi, ta jira har karkarwar ta lafa. Sannan ta taɓa ƙirjinsa, ta duba hancinsa da cikin bakinsa, ta ɗora shi a kan sikeli.

“Baba, me yake ci?”

“Gyaɗa,” ya ce da sauri. “Mai kyau kuwa. Da kaina nake zaɓa, ba na ba shi mai fumfuna.”

“Sai me?”

“Gyaɗar ce kaɗai,” ya ce. Tela ya dubi silin.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce gyaɗa mai ce zalla, tana sa ƙiba amma ba ta gina ƙashi. Jikin akun ya rasa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da jijiya, shi ya sa ƙafa ta kasa riƙe sanda. Kitse kuma ya fara danne masa hanta.

“Kai mai gyaran agogo ne, ko?” ta ce. “In aka kawo maka agogon da aka yi ta ɗura wa mai shekara shida, ba a taɓa duba sauran kayan cikinsa ba, me za ka ce wa mai shi?”

Mai Agogo ya sunkuyar da kai. “Zai rayu, Likita?”

“Yau ya tsallake. Sauran yana hannun Allah, yana kuma kwanon abincinsa. In ya ci gaba da gyaɗa kaɗai zai sake faɗuwa, kuma ba kowace faɗuwa ake tashi ba.”

Ta ba shi maganin ɗigawa a baki. Ta rubuta masa abin da zai riƙa bayarwa: karas, alayyafo, kabewa, gwanda, dafaffen wake, ɗan dafaffen ƙwai, da haɗaɗɗen abincin tsuntsaye da ake sayarwa a leda. Ta ce ya riƙa fitar da shi ya sha hantsi. Ta hana gishiri, shayi da ɗan itacen nan piya, wato avocado. Ta fara bayanin yadda za a yi canjin a hankali, amma tuni hankalinsa ya koma kan akwatin da akun ke ciki, kai kawai yake gyaɗawa.

Da aka sallame su bayan kwana biyu, Mai Agogo ya koma gida da zafinsa. Ya kwashe duk gyaɗar da ke gidan ya ba Malama ya ce ta ɓoye. Ya cika kwanon keji da karas da ganye.

Ɗan Gata ya dubi kwanon da ido ɗaya, ya juya kai ya duba da ɗayan. Sai ya ja da baya ya maƙale a lungun keji kamar an ajiye masa maciji. Yini guda bai taɓa komai ba. Washegari da safe kwanon yana nan yadda yake, ganyen ya yi yaushi.

“Yunwa za ta sa ya ci,” in ji Mai Agogo, amma muryarsa ba ƙarfi.

Malama ta ajiye jakar makarantarta. “Maigida, sau ɗaya dai ka bar ni in kai ƙarshen magana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba ni lambar likitar nan.”

Ya miƙa mata wayar. Ta kira likitar, ta sa a lasifika, ta yi mata bayani.

“A mayar masa da gyaɗarsa yanzu-yanzu!” in ji likitar. “Aku yana iya mutuwa da yunwa ga abinci a gabansa, in bai san abinci ba ne. A rage ta kaɗan-kaɗan, a riƙa auna nauyinsa kowace safiya. Kuma ku sani, a daji aku ba ya cin sabon abu sai ya ga ƴan garkensa suna ci. Yanzu wa ye garkensa?”

Malama ta dubi mijinta. “Ga shi nan tsaye.”

“To shi zai ci a gabansa. Kullum. Ya nuna masa yana jin daɗi.”

Nan ake yin ta, domin Mai Agogo tun yana yaro bai haɗa hanya da ɗanyen kayan lambu ba.

“Ɗanyen karas? Ni akuya ne?”

“A'a,” Malama ta ce, tana danne dariya. “Kai garke ne. Ka ji da kunnenka.”

Daga ranar aka shiga sabon tsari. Da safe Malama za ta yanka karas da gwanda a faranti. Mai Agogo zai ɗora akun a kan sikelin kicin ya rubuta nauyinsa a bayan wata tsohuwar kalanda. Sannan ya zauna a gaban keji ya riƙa tauna, yana lumshe ido yana cewa, “Kai! Daɗi! Ɗan Gata, ka ga daɗi?” alhali fuskarsa ta yamutse kamar ta mai shan maɗaci. Akun kuwa sai ya zuba masa ido, ya cinye ƴan gyaɗunsa, ya juya masa baya.

A shago ma haka. Tela ya leƙo ya tarar da shi yana gurgurar karas a gaban tsuntsu, ya dafa bango don dariya.

“Jama'a ku zo ku gani! Aku ya samu ɗalibi. Mai Agogo, in kawo maka dusa ka haɗa?”

“Yi ta dariyarka,” Mai Agogo ya ce da cikakken baki. “Kai ma zauna ka ci. Likita ta ce garke ya fi armashi da yawa.”

Tela ya zauna ya ci kuwa, don abota ta wuce wasa.

Kwana uku, kwana bakwai, kwana goma. Akun yana samun sauƙi saboda maganin, amma ko kallon farantin ba ya yi da rahama. Sau biyu Mai Agogo ya kai hannu kan gwangwanin gyaɗa zai cika masa kwano, don tausayi. Sau biyun yana tuna ƙarar faɗuwar nan, sai ya janye hannu.

Rana ta goma sha ɗaya aka kawo masa wani tsohon agogon bango mai wuyar sha'ani. Ya buɗe wa Ɗan Gata ƙofar keji don ya miƙe ƙafa a kan tebur, ya maƙala gilashi, ya duƙufa. Aikin ya cinye masa hankali har ya manta da wasan kwaikwayo. Hannun dama yana juya ƙaramar sukurdireba, na hagu riƙe da guntun karas yana kai wa baki yana gatsa, bai ma san yana yi ba. Babu “daɗi”, babu lallashi, ko kallon akun bai yi ba.

Sai ya ji an fizge abu daga yatsunsa.

Bai motsa ba. Ya juya ido kawai. Ɗan Gata ya ja gefe da abin da ya sata, ya ɗaga shi da ƙafa ɗaya, ya jujjuya, ya gatsa. Ya tofar. Ya sake gatsa. Wannan karon ya haɗiye.

Mai Agogo ya riƙe numfashi har guntun ya ƙare. Sannan ya lallaɓa ya buga bangon da ke tsakaninsa da Tela sau uku, a hankali. Tela ya leƙo. Mai Agogo ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna masa bakin akun da ya yi ja-ja-ja da karas. Manyan mutane biyu suka tsaya suna murmushi kamar an yi musu albishir da haihuwa.

Daga karas aka koma gwanda, daga gwanda aka koma kabewa. Alayyafo ya ɗauki wata guda, sai da Malama ta yi dabarar rataye shi jiƙe a jikin keji, akun ya fara yaga shi don wasa har ya zarce da ci. Gyaɗa ta koma ƙwaya uku a yini, ita ma sai ya hau hannu ake ba shi.

Bayan wata uku suka koma wurin likita. Ta auna shi, ta shafa sabon gashin da ya fito yana sheƙi, sannan ta miƙa masa yatsa don ta gwada ƙarfin ƙafarsa. Ɗan Gata ya hau, ya damƙe.

“Wash!” ta ce, tana dariya. “Baba, zo ka karɓi ɗanka kafin ya karya mini yatsa. Wannan ƙafar ba ta sake sakin sanda, in sha Allahu.”

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba duk abin da baki ke so ne jiki ke buƙata ba, kuma ƙauna ba ita ce ba wa abin da kake kiwo duk abin da ya nema ba. Tsuntsun da ke cikin keji ba shi da dajin da zai je ya cike gibin abincinsa. Abin da ka zuba masa shi ne duniyarsa, don haka a haɗa masa hatsi da ganye da kayan marmari, a kuma tambayi masana tun kafin ciwo ya zo. In an gane kuskure kuma, kada a yi gyara da gaggawa, domin garaje ma ɓarna ne. Ƙwarewa a sana'a ɗaya ba ta sa mutum ya san komai. Wanda ya bari aka kai masa ƙarshen magana, sau da yawa ya tsira daga nadama.