Kaza Mai Ɗa a Kowace Runduna

An yi wata kaza mai suna Tabawa a wani ƙauye da ke bakin fadama. Ba ta da yawan magana, amma ba ta iya ganin shirme ta kau da kai. A gidan da take akwai wani jan zakara da ya naɗa wa kansa sarautar Barde, wanda ba abin da yake so kamar a yabi muryarsa.

Zabi dai ba su iya zaman kwanci ba, saboda haka a ƙauyen akan kwashe ƙwansu a sa wa kaji su ƙyanƙyashe. Haka aka yi wa Tabawa da damina, aka haɗa ƙwanta da na zabuwa ta kwanta a kai. Shirwa da sanyi suka yi ta ɗauke mata 'yan tsaki har aka bar ta da biyu. Ɗaya Nomau ne, ɗan cikinta. Ɗayan kuma ɗan zabo ne da ta sa wa suna Shekarau, don ya ƙara mako guda cur a cikin ƙwai bayan 'yan'uwansa sun fito. Da ya girma ya koma cikin zabi a ƙetaren fadama, amma duk inda ya gan ta sai ya rusuna.

Da kaka, Barde ya hau kan dami a masussuka zai yi cara. Ya miƙe wuya ke nan sai garken zabi suka sauka da hayaniyarsu, ba wanda ya ji carar. Wata agwagwa ma ta yi dariya.

Kafin azahar Barde ya tara kaji a bakin akurki. Ya ce an wulakanta kowace kaza a duniya, kuma ba za a zauna lafiya ba sai an kori zabi daga fadama. Don haka kowace uwa ta kawo ɗanta namiji, ko tana so ko ba ta so.

Tabawa ta matso gaba. Ta tambaye shi ko zabin sun kashe wani, ya ce a'a. Ta tambaya ko sun hana wani tsaba, ya ce ba maganar tsaba ba ce, maganar mutunci ce.

"Mutuncin wa, Barde? Makogwaronka ne ya sha kunya, shi ne za ka aika ɗana ya cire wa ɗana ido?"

"Ke tsohuwa, zabo ba ɗanki ba ne. Dubi kansa, dubi naki."

"Kwana ashirin da takwas na yi a kansa ban ci na ƙoshi ba. Kai a lokacin kana ina? Kana kan danga kana gwada murya."

Barde ya ce a mayar da ita baya, tsufa ya fara taɓa ta. Sauran kajin suka sunkuyar da kai. Kusan duk cikinsu ba wadda ba ta raini ɗan zabo ba, amma ba wadda ta buɗe baki. Wannan shirun ya fi maganar Barde ɓata wa Tabawa rai.

Kwana uku samari suna koyon tafiya a jere. Nomau, wanda ko fara ba ya iya kamawa sai ta tsere masa sau biyu, ya dawo yana ɗingishi. Ya tambayi uwarsa abin da zai yi idan ya samu kansa a gaban Shekarau. Ta yi tsaki, ta ce ya ci abincinsa.

Labari ya ƙetare fadama, Sarkin Zabi ma ya tara nasa samarin. Ranar yaƙi da hantsi rundunoni biyu suka ja daga a wani fili. An umarci iyaye mata su biyo baya da garar da za a yi guzuri. Barde ya hau kan kututture can bayan kowa, yana cewa daga nan ya fi ganin fili. Ya yi alkawarin in an gama da zabi, sai agwagi, daga nan duniya za ta huta.

Tabawa ta hango Shekarau a sahun gaba. Ta dubi Nomau, shi ma haka. Haushi ya kai mata wuya. Ta ratsa ta tsakanin samarin, ta isa tsakiyar fili, ta zube garar da ta ɗauko, ta tona ƙasa da ƙafa, sannan ta yi kiran nan da kaza kan yi wa 'yan tsakinta idan ta samo abinci.

Nomau bai san lokacin da ya ruga ba. Daga ɗaya gefen Shekarau ya taho a guje, har suka yi karo a gabanta. Da sauran kajin suka ga haka, ɗaya bayan ɗaya suka shigo fili, kowace tana kiran nata. Kafin a ce me, jeri ya watse, samarin kaji da na zabi sun cakuɗe suna caccakar gara.

Sarkin Zabi ya taso zai tsawata, sai Tabawa ta ɗaga kai ta dube shi da kyau.

"Au, kai ne? Ba uwata ce ta ƙyanƙyashe ka ba? Ni na ciro ka daga kaskon ruwa kana shure-shure. Yanzu ka zama mai aika 'ya'yan wasu su mutu?"

Sarkin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya Tabawa, ina kwana."

Barde ya yi ta cara a kan kututture, ba wanda ya waiwaya. Ya kira su matsorata, ya kira su maciya amana. Tabawa ta ce masa ga Sarkin Zabi nan, ga fili, tunda shi aka ɓata wa rai ya sauko ya rama da kansa.

Kunya ta hana shi ƙi. Ya rufe ido ya yi tsalle. Sarkin Zabi ya tashi fir ya hau reshen tsamiya, Barde kuwa ya zarce cikin shingen ƙaya, ya maƙale ƙafafu a sama. Ya yi ta kiran sojojinsa su zo, amma kowa bakinsa cike da gara. A ƙarshe ya ce, "Inna Tabawa, don Allah."

Ta kama jelarsa ta ja da ƙarfin haushin kwana uku. Ya fito, amma gashin jelar ya rage a bakinta. Ta tofar, ta sa 'ya'yanta biyu a gaba. A hanya tana yi wa Nomau faɗan ɗingishi, tana yi wa Shekarau faɗan ya rame.

Darasin da za mu ɗauka daga wannan labari shi ne, mai kiran yaƙi sau da yawa girman kansa ne aka taɓa, amma 'ya'yan wasu yake turawa gaba. Kafin ka yarda a ba ka makami, ka tambaya me wancan ya yi maka, ka kuma tuna shi ma wata uwa ce ta sha wahalar renonsa. Wanda kuma ya ga ana shirin ɓarna, kada ya jira sai wani ya fara magana.