Zoben Malam Barau da Tsohuwar Kwamfutarsa

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan. Ga wata na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi ra'ayinsa.

A Kazaure an yi wani malamin makaranta, Malam Barau. Da ya ajiye aiki sai ya sayi kwamfutar cinya ta gwanjo, mai nauyi kamar dutsen niƙa, ya riƙa ɗaukar muryarsa a ciki yana ba da tarihin gidansu. Da Allah ya karɓi abinsa, ya bar matarsa Inna Ladidi da 'ya'ya uku: Tasi'u, da Nafi'u, da autarsu Balaraba. Kwamfutar ma tsufa ya cim mata, in an kunna sai ta yi ta gurnani, allon ya tsaya cak. Wata rana Inna, wadda idonta ya fara rauni, ta ɗora zoben azurfar Malam a kan faifai, ta ce duk wanda ya sa ta sake jin muryar maigidan, zoben nasa ne.

Duk cikinsu ba wanda maganar ta tsaya wa a rai kamar Tasi'u. Shi ne ɗan fari, Inna kuma mutuniyar da ce, tana yi masa alkunya. Shekararsa arba'in da ɗaya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan", ba ta kuma taɓa yaba masa a gaban mutane ba. Ya san al'ada ce, amma sanin bai hana zuciyarsa tafasa duk lokacin da ta kira ƙannensa baki buɗe. Ya ƙudura cewa zoben nan zai faɗi abin da bakinta ba ya faɗa.

Nafi'u ne ya fara taɓa kwamfutar. Ya ce manhajar da ke ciki ta yi mata nauyi, zai sa mata Linux, wadda kyauta ce, kowa yana iya buɗe cikinta ya gyara. Ya zura filash, ya yi ta dannawa, har ya kai inda ta tambaya ko a share duk abin da ke ciki. Yatsansa na kan maɓalli Tasi'u ya cafke masa hannu.

"Ka san abin da za ka share?"

"Yaya, ai na ɗauka an kwashe."

Ba wanda ya kwashe muryoyin Malam. Tasi'u, da yake gyaran rediyo ce sana'arsa, ya kwance ma'ajiyar cikinta inda muryoyin suke, ya kara a kunne, ya ji tana ƙas-ƙas ta kusa mutuwa. Ya jona ta da kwamfutar wani maƙwabcin shagonsa, ya rufe nasa shagon kwana biyar yana lallaɓa ta, tana tsayawa yana sakewa, har ya kwashe muryoyi ɗari da arba'in. A rana ta shida ma'ajiyar ta mutu murus.

Nafi'u ya samo wata ma'ajiyar ya sa. Sau biyu wuta na ɗaukewa ana tsakiyar aiki komai ya lalace, don batirinta ya daɗe da mutuwa. A na uku ya aro batirin mota da inbata, manhajar ta zauna, tsohuwar kwamfuta ta tashi garau. Sai kuma ga wata: muryoyin Malam an ɗauke su da wani tsohon tsari da ba abin da ke buɗe shi, ko waya ba ta iya ba. Nafi'u ya shiga zaurukan intanet na masu wannan manhaja, ya yi ta roƙo da guntun Turancinsa, har wani bawan Allah daga wata uwa duniya ya turo masa layuka uku na umarni. Ya rubuta su a kwamfutar, sai ga tarin Malam da bisimillarsa sun fito ta sifika.

Aka kai wa Inna da murna. To, Nafi'u don gwaninta ya sa wa komai sunan mahaifinsu, ya kuma kunna mata muryar na'ura mai karanta rubutu saboda idonta. Ana buɗewa na'urar ta kama kiran "Barau, Barau" gatsal, kamar tana aiken yaro. Inna, wadda ta yi shekara arba'in da biyar ba ta furta sunan nan ba, ta ja mayafi ta juya baya.

"Ku fitar min da ita. Ba za a riƙa kiransa haka a ɗakina ba."

Mako guda ta ƙi yarda a ƙetara ƙofarta da ita. Balaraba ce ta ɗauka ta zauna a gindin darbejiya. Ta kashe muryar na'urar, ta goge sunan ko'ina ta sa "Malam", ta cire kalmar sirri. Ta share tarkacen allon, ta bar manyan maɓallai masu launi, kowanne da labarinsa. Hoton Malam ba ta sa ba, don ta san Inna za ta kau da kai, sai ta sa hoton kujerarsa da butarsa. Sannan ta lallashi Inna ta kama yatsanta ta danna.

Inna ta saurara, hawaye na zuba. Ta ce, "Balaraba, Allah ya yi miki albarka. Nafi'u, Allah ya ba ka masu yi maka." Sai ta dubi bango ta ce, "Wancan ma ya yi ƙoƙari."

Tasi'u ya fita bai ci tuwon ranar ba. Kishi ya cika shi fal. Shi da ya ceto muryar, a ce yarinyar da ta canza launi kawai ce ta sha albarka da suna.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ya zo wucewa ta bayan tagar Inna sai ya ji muryar Malam yana ba da labarin ranar da aka haifi ɗansa na fari. "Muka sa masa Tasi'u," in ji Malam. Maganar ta tsaya, ta koma baya, ta sake faɗa. Sau huɗu Inna tana maimaita wurin. Ya jingina da bango. Amma ko a nan sai da zuciya ta raya masa cewa koren maɓallin Balaraba take dannawa, a kan manhajar Nafi'u.

Zobe kuwa har yau yana kan faifai. In Inna ta ba ɗan fari, a ce ba ta da kunya. In ta hana shi, ita ta san abin da ta hana. Shi ya sa ta aiko a tambaye ku. Tsakanin wanda ya hana muryar ɓacewa, da wanda ya sa ta fito, da wadda ta sa Inna ta yarda ta saurara, wa za a sa wa zoben Malam?