Ƙuri'ar Makhulu Ta Ƙarshe

Akwai wani saurayi mai suna Lwandile a garin Cofimvaba, a Afirka ta Kudu. Bai daɗe da kai shekarun zaɓe ba, amma in ya buɗe baki kan siyasa sai ka rantse shi ya kafa ƙasar. Kullum maganarsa ita ce a hana tsofaffi zaɓe, wai duk abin da suka ji gaskatawa suke yi.

Kakarsa Nomathemba, wadda ta raine shi, yake kiranta Makhulu, wato kaka a yarensu, murmushi kawai take yi. Sai da ta aurar da 'ya'ya kafin a bar baƙar fata irinta su jefa ƙuri'a, kuma tun daga nan ba ta taɓa fashi ba. Bana ciwo ya ci ƙarfinta, ita ma ta san wannan ne zaɓenta na ƙarshe. Maƙwabcinsu mai a-kori-kura ya yi alkawarin kai ta rumfar zaɓe.

Ana gobe zaɓe, saƙon murya ya shigo wayar Lwandile. Wani mai daɗin baki ya ce duk wanda ya haura saba'in kada ya fito, ma'aikata za su bi su gida gida. Gogan naka bai tambayi kowa ba, ya je ya sallami maƙwabcin.

Tsohuwar ta nuna shakka, sai ya ce, "Makhulu, ni nake riƙe da waya ko ke? Yi zamanki, har ƙofa za a zo miki."

Da safe ta sa kayan cocinta, ta zauna a ƙofa da katinta a cinya. Shi kuwa ya jefa tasa, ya wuce hira wajen abokai. Sai bayan an rufe rumfuna ya ji cewa saƙon ƙarya ne.

Ya dawo da gudu, ya same ta inda ya bar ta. Ta kalli tawadar da ke babban yatsansa.

"Kai ka samu ka yi, ɗan nan? To madalla. Kama ni mu shiga, sanyi ya shige ni."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Kafin Kirsimeti aka binne ta.

Darasi: Ƙarya ba ta tambayar shekarun mutum, mai ganin ya fi kowa wayo take fara kamawa. Ka tabbatar da saƙo kafin ka hana wani haƙƙinsa da shi. Ku tura wa 'yan uwa kafin zaɓe ya zo.