Ƙafar da Fa'iz Ya Ƙi Jira

Fa'iz saurayi ne dogo, irin dogayen da sai sun sunkuya kafin su shiga bas. Iyayensa sun taho da shi Landan daga Zariya yana ƙaramar sakandare, suka zauna a unguwar Thamesmead. Allah ya ba shi hannu a ƙwallon kwando, har ya zama da shi ƙungiyar jami'arsu ke taƙama. Aibinsa ɗaya ne, Fa'iz bai iya jira ba. In bas ta yi jinkiri sai ya kama hanya da ƙafa, ta zo ta wuce shi yana tsaki. Shayi ma da zafinsa yake kurɓa, kullum harshe a ƙone.

A shekararsa ta ƙarshe wani kulob na ƙwararru ya gayyace shi gwaji. Abin da yake mafarki ke nan tun yana jefa ƙwallo a filin bayan gidajensu. Ga shi abokinsa Jang ya riga ya sa hannu a wani kulob, hotunansa sai yawo suke a waya. Duk sanda Fa'iz ya gani sai zama ya gagare shi, ya yi ta kai da komo a falo.

Gwajin ya kusa, ranan a wajen atisaye ya sauko daga tsalle, ya ji wani abu ya soke shi a saman dunduniya. Kachollom, mai kula da raunin 'yan wasan jami'ar, 'yar Jos ce. Ta zo ta matsa wurin da hannu, ya cije leɓe.

Ta ce, "Agararka ce ta kumbura. Hutu take so. Bari in yi musu email su ɗaga maka gwajin."

"Haba Anti, an riga an yi booking ɗin komai. Da sauƙi fa."

"Ajiye mini 'da sauƙin' nan, ni ma can gida na girma. Mutum na kwance bai san inda kansa yake ba, ka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. Ni ba gaisuwa nake maka ba. Ka dawo mako mai zuwa. In ka tsaya a kan yatsun ƙafar nan ba ka ji komai ba, ka tafi."

Ya koma gida ya ce wa mahaifiyarsa, Hajiya Zinatu, ɗan targaɗe ne. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗora ruwan zafi, ta yi ta gasa masa da tawul safe da yamma, tana shafa man zafi tana addu'a. Duk sanda ta ce, "Yaya ƙafar?" sai ya ce da sauƙi. Ba sauƙin komai, da dafa bango yake zuwa banɗaki in ta juya baya.

Ranar komawa ya haɗiyi maganin kashe ciwo, ya je ya tsaya a kan yatsunsa. Zafin har cikin kansa ya ji shi, amma gogan naka sai murmushi yake. Kachollom ta daɗe tana kallonsa.

"Ka tabbata, Fa'iz?"

"Ba na jin komai, Anti."

Ciwo a jikin mai shi yake, ba ta da yadda za ta yi. Ta ba shi izini.

Ranar gwaji Fa'iz ya yi wasan da bai taɓa yi ba. Yana ta zura ƙwallo, kociyoyi suna kallon juna. Can ya yunƙura zai tashi sama, sai ya ji kamar an kai masa sanda ta baya. Ya waiga, ba kowa. Ya yi niyyar takawa, ƙafar ta ƙi, ya zube a ƙasa. Agarar ta tsinke.

Bayan an yi masa aiki, kocin kulob ɗin ya zo duba shi a asibiti, Hajiya Zinatu na zaune a gefe. Mutumin bai ɓoye masa ba.

"Duk kakar wasan nan muna kallonka. Mun riga mun gama shawara za mu ɗauke ka, lafiyarka kawai muke so mu gani. Da ka ce kana da ciwo, da mun jira ka. Yanzu kuwa dole mu ba wani."

Kocin ya fita. Hajiya ta dubi hannuwanta, ta dubi ɗanta.

"Ashe da hannuna nake taya ka karya kanka, Fa'iz? Ni ma ba ka iya gaya mini gaskiya ba?"

Ya juya fuskarsa bango ya fashe da kuka. Abin tausayi. Ƙafar ta warke daga baya, ya ci gaba da tafiyarsa kamar kowa, amma tsallen bai dawo ba, kuma babu kulob ɗin da ya sake kiransa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Dauriya abu ne mai kyau, amma ɓoye ciwo ga mai maganinsa ba dauriya ba ce, cutar kai ce. Gaisuwa daban, tambayar likita daban. Sannan abin da Allah ya ajiye maka ba ya gudu don ka ɗan dakata, sau da yawa gaggawarka ce ke korarsa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Fa'iz ya kasa jiran 'yan makonni, ya rasa abin da ya yi shekaru yana nema.