Rariyar Hedimasta

Akwai wani hedimasta da yake riƙe da wata firamare mai zaman kanta, irin wadda iyaye ke rububin kai 'ya'yansu tun bakinsu bai gama buɗewa ba. Ba wai gininta ya fi na kowa kyau ba ne. Dalili ɗaya ne: daga ita ake tsallakawa zuwa babbar kwalejin maza ta bayan gari, wadda sai ta zaɓa ta darje take ɗaukar yaro.

Jarrabawar shiga kwalejin nan sau ɗaya yaro ke zama a rayuwarsa, a ƙarshen aji shida. In ta wuce shi, to ta wuce har abada.

A bakin ƙofar firamaren akwai wani ƙaton allo da aka rubuta da jan fenti: DUK WANDA MUKA TURA YA SHIGA. Hedimasta yana ji da allon nan kamar ɗan fari. Kullum da safe sai ya tsaya ya kalle shi kafin ya wuce ofis, in tsuntsu ya yi kashi a kai kuwa, ranar maigadi ya shiga uku.

Kuma fa ba ƙarya aka rubuta ba. Sai dai akwai abin da allon bai faɗa ba.

In jarrabawa ta matso, Hedimasta yakan shirya tasa ta gwaji. Zai ɗora agogo a kan tebur, ya riƙe ƙararrawa a hannu. Duk yaron da bai kai ƙarshen takarda ba kafin ta kaɗa, ba za a tura shi ba. Sai a kira iyayensa a ba su shawara cikin lallashi su nemi wata makarantar. Malamai suna kiran wannan gwaji rariya, amma a bayan idonsa.

Da haka allo ya daɗe bai yi ƙarya ba. Wanda ba a tura ba ai ba zai faɗi ba.

To, shi Hedimasta 'ya'yansa duk mata ne, sai na ƙarshe namiji, kowa na ce masa Auta. Yaro ne mai kai, amma mai sanyin hannu. In yana lissafi sai ya yi, ya koma ya duba, ya goge lambar da bai ji daɗin zamanta ba, ya sake rubutawa. Yayyensa har tsokanarsa suke, wai kafin Auta ya gama ɗaure igiyar takalmi an tashi daga makaranta.

Tun yana aji uku yake mafarkin kwalejin nan. In sun wuce ta gabanta a mota sai ya manna fuska a gilashi yana kallon dogayen bishiyoyi da yara masu shuɗiyar riga. Har ya koyi ɗaura laktaye a wuya da wani tsohon laktayen babansa, yana gwadawa a gaban madubin mamansa.

Maƙwabcinsu mai fenti ne, shi ke sabunta allon makaranta duk shekara. Yana da ɗa sa'an Auta, ana ce masa Gajere, yana wata ƙaramar makaranta a bayan kasuwa. Su can ba su san rariya ba, duk yaron da ya ce zai gwada sai su ce Allah ya ba da sa'a. Kullum da yamma Gajere zai zo ƙofar gida da littafinsa, Auta ya zauna yana koya masa lissafi a hankali, yadda shi ma yake yi.

Ranar gwaji ta zo. Ƙararrawa ta kaɗa Auta yana tsakiyar shafin ƙarshe.

Malamin aji shida ya bi Hedimasta har ofis da takardar a hannu.

"Ranka ya daɗe, ka duba fa. Duk abin da yaron nan ya taɓa daidai ne, ko ɗaya bai kuskure ba. Lokaci ne kawai."

"Lokaci ai shi ne jarrabawar," in ji Hedimasta. "In na ɗaga ma ɗana ƙafa, me zan gaya wa sauran iyaye?"

Maganar ta yi kama da adalci, ko? Amma ni na ce ba adalci ba ne ya hana shi. Tsoro ne. Ya hango ranar da sakamako zai fito, a ce karo na farko firamarensa ta tura yaro ya faɗi, kuma yaron nasa ne. Wannan ne abin da ya kasa haɗiyewa.

Da suka zauna cin abinci a gida ya faɗa wa iyalinsa cewa ba za a tura Auta ba. Maman yara ta ajiye cokali.

"Haba Malam, ɗanka ne fa. Ka bar shi ya je mana. In ya faɗi me zai ragu a jikinka?"

"Ke ba za ki gane ba. Shekara da shekaru nake gina sunan nan."

"Sunan zai kawo maka ruwa ranar da ka kwanta ciwo?"

Auta kuwa tun da aka fara magana kansa na ƙasa. Can ya ɗago, idonsa ya ciko, ya ce, "Baba, don Allah ka bar ni in je in faɗi da kaina. Ba zan yi kuka ba, wallahi. Ni dai in zauna a ɗakin nan ko sau ɗaya."

Hedimasta ya ce, "Na gama magana." Ya tashi ya wanke hannu.

Ranar jarrabawa motar makaranta ta kwashi waɗanda suka tsallake rariya. Auta yana tsaye a tagar aji yana kallo. Jim kaɗan sai ga mai fenti ya wuce a babur, Gajere a baya ya rungume fensir da rula, yana ɗago masa hannu. Auta ma ya ɗaga masa. Da ya koma gida ya naɗe laktayen nan ya mayar cikin durowar babansa.

Sakamako ya fito. Duk waɗanda aka tura sun shiga, allo ya tsira da mutuncinsa. Gajere ma ya shiga.

Bayan 'yan kwanaki kwalejin ta kira shugabannin firamare taro, kamar yadda ta saba. Hedimasta ya sha babbar riga ya je karɓar yabo. Da aka tashi, shugaban kwalejin ya riƙo hannunsa suka koma gefe.

"Af, ina ɗanka ne? Mun yi ta zuba ido."

Hedimasta ya yi murmushin dole. "Ai bai shirya ba tukuna. Yana da nawa."

"Nawa? To mu me ya dame mu da sauri? Ai lokaci muke ba su har su gaji da zama, abin da muke dubawa shi ne yadda yaro ya bi hanyar lissafinsa. Akwai wani ɗan mai fenti da ya burge mu, komai nasa tsaf, ya yi ya duba. Muka tambaye shi wa ya koya masa haka, ya ce ɗan Hedimasta ne maƙwabcinsu. Muka ce to bari malamin nasa ya shigo mu gani. Har aka tashi ba mu ga kowa ba."

Hedimasta ya ce a hankali, "Ba yadda za a yi yanzu?"

"Kai ma ka san dokarmu. Da dai ya zauna, ko bai gama ba, da muna da abin dubawa."

A hanyar komawa ya wuce ƙofar makarantarsa. Mai fenti yana kan tsani yana sabunta jan rubutun. Ya gaida Hedimasta da fara'a, yana ta godiya kan ɗawainiyar da Auta ya yi da Gajere. A karo na farko Hedimasta ya wuce bai ɗaga kai ya kalli allon ba.

Kada ku zaci Auta ya lalace. Bai lalace ba. Ya shiga wata sakandare, ya yi karatunsa, daga baya ya samu aiki a ofishin masu awon filaye, inda sanyin hannunsa ya zama abin nema. Bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, bai taɓa tayar da zancen ba.

Abu ɗaya ne ya canza. Tun daga ranar jarrabawar nan, ko a gida, ya daina ce masa Baba. "Ina kwana, Hedimasta." "An gama abinci, Hedimasta." Cikin ladabi yake faɗa, har da rusunawa. Da farko yayyensa sun ɗauka wasa ne suna dariya. Maman yara ita ba ta taɓa yin dariya ba.

Shekaru suka ja. Hedimasta ya yi ritaya, masu makaranta suka kawo wani sabo. Sabon ya dubi allo ya ce ya tsufa, aka kira mai fenti ya shafe shi da fari, aka rubuta lokacin buɗe ƙofa da na tashi. Aikin bai kai azahar ba.

Wata rana Auta ya kawo ɗansa gaisuwa. Yaron yana aji shida, jarrabawar kwaleji ta matso. Tsoho ya ji jininsa ya motsa. Ya lallaba ɗaki ya fito da tsofaffin takardun gwaji da agogon nan nasa, ya ce, "Zo nan, abokina, in gwada ka mu gani ko ka shirya."

Auta ya sa hannu ya dafa kafaɗar ɗansa.

"A'a, Hedimasta. A bar shi ya je. In ya ci, alhamdu lillahi. In ya faɗi, ina bakin ƙofa ina jiransa, mu dawo gida tare."

Tsoho ya tsaya da agogo a hannu. Sannan ya ce, "Da na bar ka ka je, Auta. Wallahi da na bar ka."

"Ya wuce ai. Ni na yafe tun tuni."

Kuma da gaske ya yafe. Shi ke biyan buƙatun gidan, shi ke kai tsohon asibiti. Amma baki ya riga ya saba. Da suka tashi tafiya ya rusuna ya ce, "Sai an kwana biyu, Hedimasta."

Tsoho ya raka su ƙofar gida. Yana tsaye ya ji jikan nasa yana cewa, "Baba, Baba, jira ni!" yana gudu ya kamo hannun Auta. Ya bi su da kallo har suka sha kwana. Hawaye ya zubo masa, domin shi rabon da ya ji an kira shi haka daga bakin ɗansa tun yaron yana aji shida.

Darasi: Kada ka rufe wa yaro ƙofar gwada sa'arsa don kare sunanka. In ya faɗi da kansa zai tashi ya karkaɗe jiki, amma in kai ka kayar da shi tun bai gwada ba, ko ya yafe maka tabon yana nan. Sunan da kake tattali wata rana da fenti za a shafe shi. Iyaye da malamai, mu bar yara su gwada. In ka san wani mai rariya a hannu, tura masa wannan labari tun jarrabawa ba ta wuce ba.